Yadda Ake Sayen Kayan Hawa Keke Masu Araha a Aldi da Lidl

Tun da aka san cewa da keke nake zuwa aiki a nan birnin Kolon na ƙasar Jamus, rani da hunturu, tambaya guda ce take ta dawowa daga bakin 'yan'uwa sababbin zuwa, musamman ɗalibai da samarin da suka kama aikin kai wa mutane abinci gida-gida: shin kayan keken da Aldi da Lidl suke fitarwa suna da inganci, ko kuwa irin arahar nan ce da ba ta ado? Amsar da nake bayarwa ita ce da yawa daga cikinsu suna biyan buƙata sosai, akwai ma waɗanda na shekara huɗu ina amfani da su, amma ribar tana ga wanda ya san abin da ya je nema tun kafin ya taka ƙofar kantin. Waɗannan kantunan na abinci ne, kayan keke baƙi ne a cikinsu, sukan zo su kwana biyu su tafi. Babu ɗakin gwada kaya, babu ma'aikacin da zai bar aikinsa ya tsaya yi maka bayani, kuma abin da ya ƙare ya ƙare ke nan sai wata kakar. Saboda haka yawancin aikin a gida ake yin sa. Zan bi matakan yadda nake bin su a Jamus, in riƙa nuna inda Ingila ta bambanta.

1. Ka san lokacin da kayan suke fitowa

Kayan keke sukan fito sau biyu a shekara da yawa. Na farko tsakanin watan Maris da Mayu, lokacin da sanyi ya fara ja da baya, kuma a nan ne ake samun riguna marasa nauyi, gajerun wanduna, hular kwano, famfo, jakar keke da kayan gyara. Na biyu wajen Satumba da Oktoba, inda ake fitar da kayan sanyi da na ruwa da fitilu. A Jamus ranakun Litinin da Alhamis ne sababbin kaya suke sauka, domin kantuna ba sa buɗewa ranar Lahadi. A Ingila kuwa Alhamis da Lahadi ne. Kowane kanti yana da takardar talla ta mako-mako da ake ajiyewa kusa da ƙofar fita, haka kuma tana cikin manhajarsu ta waya, kuma takan nuna abin da zai zo mako guda ko fiye kafin ranar. Kayan wasanni na Lidl suna ɗauke da sunan Crivit, na Aldi kuma tufafin Crane ne, ƙananan kayan keken kuwa Bikemate.

Gargaɗi: Aldi iri biyu ne a Jamus. Aldi Süd shi ne na Kolon, Frankfurt da Munich, Aldi Nord kuma na Hamburg da Berlin, kuma ba lallai ne su fitar da kaya iri ɗaya a mako ɗaya ba. Idan ɗan'uwanka na wani gari ya aiko maka da hoton talla, ka tabbatar na yankinku ne kafin ka yi sammako.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne jira sai buƙata ta matsa. Wanda ya jira sai Disamba, yatsunsa sun fara daskarewa a kan birki, sannan ya tafi neman safar hannu, ba zai tarar da komai ba. Kayan hunturu a watan Satumba ake sayen su, lokacin da jiki bai ma fara tunanin sanyi ba.

2. Ka rubuta buƙatarka da kuɗinta

Ka zauna ka tambayi kanka irin hawan da kake yi. Mai tafiyar minti goma sha biyar zuwa jami'a ba ya buƙatar wando mai soso ko rigar 'yan tsere. Abin da yake buƙata shi ne hular kwano, fitilu, rigar ruwa da safar hannu. Mai kai abinci, wanda yake yini a kan sirdi awa shida ko fiye, shi ne yake buƙatar wando mai soso guda biyu aƙalla, rigunan ciki masu tsotse gumi, wandon ruwa, da abin riƙe waya. Mai fita ƙarshen mako don motsa jiki yana tsakanin su biyun.

Farashi yana canzawa kowace shekara, amma ga abin da na saba gani a 'yan shekarun nan domin ka sami abin lissafi: safar hannu wajen yuro 4 zuwa 8, rigar hawa ko gajeren wando mai soso wajen yuro 8 zuwa 13, rigar ruwa ko rigar tare iska tsakanin 15 da 25, hular kwano tsakanin 13 da 20, fitilar gaba da ta baya a haɗe tsakanin 10 da 20, famfon ƙasa wajen 10. Ke nan da yuro 70 zuwa 80 mutum zai iya haɗa abin da zai fitar da shi kunyar hunturun farko, alhali a shagon keke na musamman rigar ruwa ita kaɗai tana iya cinye wannan kuɗin.

Gargaɗi: ka tsaya a kan abin da ka rubuta. Ƙananan kayan nan na yuro uku-uku da huɗu-huɗu, irin su ƙaramin agogon auna gudu, madubi, da rigar sirdi mai laushi, su ne suke cika kwando a kanti, su kuma cika aljihun tebur a gida ba a taɓa amfani da su ba.

3. Ka yi awo a gida

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi jawo komawa kanti. Ka nemi tef irin na tela, ka auna ƙirjinka a inda ya fi faɗi, ka auna ƙugu, ka auna zagayen tafin hannu ba tare da babban yatsa ba, sannan ka auna kanka: tef ɗin ya zagaya ta goshi, kimanin yatsa biyu sama da gira, ya bi ta saman kunnuwa zuwa inda ƙeya ta fi tudu. Ka rubuta duk lambobin da santimita a wayarka. Macen da za ta sa hula a kan ɗankwali ko hijabi ta yi awon kai da shi a kanta, kuma wanda za ta riƙa hawa da shi, mara kauri, haka ma mai kitso ko mai tara suma.

Lambobin tufafi a Jamus suna rikita baƙo. A na maza, M shi ne 48/50, L shi ne 52/54, XL kuma 56/58. A na mata, S shi ne 36/38, M 40/42, L 44/46. Sau da yawa akwai jadawalin awo a bayan kwalin, kuma shi ya kamata ka bi, ba abin da ka saba sawa ba, domin kayan keke ana ɗinka su ne su kama jiki. Mu da muka tashi da sutura mai yalwa mukan ji kamar an ɗaure mu. Idan kana tsakanin lamba biyu, ko kuma rigar sama ce da za ka sa wasu a ƙarƙashinta, ka ɗauki babbar.

Keken ma yana da nasa awon. Ka durƙusa ka karanta abin da aka rubuta a gefen taya. Za ka ga lamba irin 37-622: ta farko faɗin tayar ne da milimita, ta biyu kuma girman da'irar da take zama a kai. 622 shi ne abin da ake kira inci 28 a yawancin kekunan gari, 559 shi ne inci 26, 584 kuma 27.5. Ka ɗauki hoton lambar, ka kuma ɗauki hoton bawul ɗin, saboda iri uku ne: mai kauri irin na mota, wanda Jamusawa suke rubuta AV, siririn nan mai ɗan noti a kai, SV, da kuma DV, wato irin wanda muka sani a tsofaffin kekunanmu na gida, wanda har yanzu yana da yawa a kekunan Jamus da Holan.

Gargaɗi: kada ka dogara da inci kaɗai. Akwai tsofaffin kekunan Holan da ake kiran tayarsu 28 amma lambarsu 635 ce, kuma tayar 622 ba za ta shige su ba.

4. Ranar saye

Ka je da safe a ranar farko. Yawancin rassa a Jamus suna buɗewa ƙarfe bakwai ko takwas, kuma a makon kayan keke za ka tarar da dattawa 'yan fansho sun riga ka tsayuwa a bakin ƙofa da takardar talla a hannu. Lambobin tsakiya, M da L, su ne suke fara ƙarewa, wani lokaci kafin azahar. A Ingila manyan kantuna awa shida kawai suke buɗewa ranar Lahadi, galibi daga goma zuwa huɗu, don haka cunkoson ya fi yawa. Ka riƙe tsabar yuro ɗaya, ko fam ɗaya, ta cire keken zuba kaya, ka wuce kai tsaye zuwa manyan kwandunan ƙarfe da suke tsakiyar kantin, sayayyar abinci ta jira. Ka fara da abin da yake da lamba, wato hula, tufafi da safar hannu. Famfo da kayan gyara sukan daɗe ba su ƙare ba. Idan abin da kake nema ya ƙare, ka gwada reshen da yake unguwar bayan gari, inda masu keke ba su da yawa. Lidl a Jamus yana sayar da wasu daga cikin kayan ta intanet, sai dai akwai kuɗin aikowa. Aldi na Ingila kuwa ya daina sayar da irin waɗannan kaya ta intanet tun 2023.

Gargaɗi: mutane suna buɗe kwali su duba su mayar, kuma ba kowa ne yake mayarwa daidai ba. Ka tabbatar lambar da take jikin rigar ita ce take jikin kwalin, safar hannu kuma dama da hagu ne, kuma fitila tana tare da wayar cajinta da abin ɗaure ta.

5. Duba tufafi kafin ka biya

Rigar ciki ita ce ta fi komai amfani a kan kuɗinta, kuma ita ce aka fi rainawa. Singiletin auduga yana shan gumi ya riƙe, da zarar ka tsaya a danja sai ya koma kamar an shimfiɗa maka tsumman ruwan sanyi a baya. Rigar ciki ta zaren roba, ko mai haɗin ulu, tana fitar da gumin waje. Ka sayi biyu. A kan sanyi, tsarin shi ne sutura uku marasa kauri: ta ciki mai tsotse gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. Wannan ya fi ƙatuwar rigar sanyi guda ɗaya, wadda za ta sa ka jiƙe da zufa kafin ka yi kilomita biyu.

A rigar ruwa, ka juya cikinta ka dubi ɗinkin. Idan an bi kowane ɗinki an liƙa masa siririn tef, ruwa ba zai bi ramukan allura ba. Idan ɗinkin a fili yake, rigar ta yayyafi ce kawai, ko me aka rubuta a kwalin. Ka ja zif ɗin sama da ƙasa sau uku, domin a kaya masu araha zif ne yake fara mutuwa. Ka miƙa hannuwanka gaba kamar kana riƙe da kan keke, ka ga ko hannun rigar yana rufe wuyan hannunka, ko bayanta yana sauka ya rufe ƙugu. Ka zaɓi launi mai haske, rawaya ko ruwan lemo, mai ratsin da yake ƙyalli idan fitilar mota ta haska shi. Na san baƙi ya fi kyau a ido, amma a watan Disamba duhu yana shiga tun wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, kuma direban da ruwa yake dukan gilashinsa ba ya ganin mai baƙaƙen kaya sai ya zo dab da shi. Ba zan ɓoye ba, rigunan ruwa masu araha ba sa barin jiki ya sha iska kamar masu tsada. A tafiyar rabin awa babu damuwa, amma mai yini a hanya zai ji damshi daga ciki, don haka ya nemi mai zif a ƙarƙashin hammata ko buɗaɗɗen wuri a baya.

Wando mai soso yana buƙatar bayani a fili, domin kunya takan hana mutane tambaya. Ana sa shi ne a kan fata kai tsaye, ba tare da kamfai a ciki ba, saboda ɗinkin kamfai shi ne yake gurje cinya idan tafiya ta yi nisa. Dole ne ya kama jiki, in ya yi sako-sako soson zai riƙa zamewa ya yi ɓarnar da aka saye shi ya hana. Ka danna soson da yatsa biyu: idan yatsunka suka haɗu nan take, ba zai wuce tafiyar awa ɗaya ba, mai ɗan tauri da yake dawowa da sauri shi ne na kirki. Na maza da na mata sun bambanta a yankan soson, ka karanta kwalin. Ga wanda ba zai fita da matsattsen wando ba, kuma yawancinmu haka muke, akwai mafita biyu: ko dai ka sayi ɗan wandon ciki mai soso ka ɗora wandonka na yau da kullum a kai, ko ka sayi irin na masu hawan duwatsu, mai yalwa daga waje da soso a ciki. Wanda lokacin salla zai riske shi a hanya ya tuna cewa yawancin gajerun wandunan nan ba sa rufe gwiwa, sai ya ɗora dogo mara nauyi a kai.

Gargaɗi: ƙafar wando mai faɗi, jallabiya, abaya da bakin mayafi duk suna iya shiga kaca ko tayar baya, kuma faɗuwar da hakan yake jawowa babu shiri a cikinta. A cikin kayan da ake fitarwa akwai ɗan maɗaurin ƙafar wando mai ƙyalli, ba ya wuce yuro biyu ko uku, ka saya. Mata su cusa bakin mayafi cikin riga, kuma kada a sa fil ko allura a ƙarƙashin hular kwano.

Safar hannu ka sa ta a nan kantin ka dunƙule hannu. Ta hunturu ta bar ɗan sarari a bakin yatsu, domin matsattsiya tana hana jini gudu sai sanyin ya ƙaru. Safar ƙafa, tabarau mai tare iska da ƙura, da ƙyallen wuya, duk babu abin dubawa da yawa a kansu, ka ɗauka in kana buƙata.

6. Hular kwano

Doka ba ta tilasta wa mai keke sa hula ba a Jamus ko a Ingila, amma ni ba na hawa ba tare da ita ba, kuma ba na so wani nawa ya hau. A nan araha ba abin tsoro ba ce, domin duk hular keken da ake sayarwa a Turai sai ta cika sharaɗin gwaji guda. Ka leƙa cikinta ka nemi takardar da aka manna mai alamar CE da lamba EN 1078, tare da girman kai da santimita da watan da aka ƙera ta. Abin da hula mai tsada ta fi mai araha galibi shi ne rashin nauyi da shan iska.

Hula tana aiki ne idan ta zauna daidai. Ka sa ta a miƙe, bakinta yatsa biyu sama da gira, ba a ture ta ƙeya kamar yadda ake karya hular gida ba. Ka murɗa ɗan abin da yake baya har ta kama, sannan ka sunkuyar da kai ka girgiza ba tare da ka ɗaura igiyar ba. In ta faɗi ko ta zame, ba taka ba ce. Igiyoyin gefe su haɗu a ƙarƙashin kunne, ta haɓa kuma ta bar wurin yatsa ɗaya ko biyu. Kawuna ba siffa ɗaya suke ba, kuma hulunan nan girma biyu ko uku kawai ake yi. Idan tana danna maka goshi ko gefen kai tun a minti na farko, ka ajiye ta ka nemi wata a kantin kayan wasanni na Decathlon ko shagon keke, inda za ka gwada iri-iri. Wani ƙanena a unguwa ya taɓa ce mini, "Yaya, ai da sannu za ta saki." Na ce masa takalmi ne yake saki, hula kuwa yadda ka same ta haka za ta zauna.

Gargaɗi: hular da ta taɓa dukan ƙasa da kai a ciki ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga ba, domin abin da yake cikinta sau ɗaya yake shanye duka. Saboda wannan dalili kada ka sayi ta gwanjo.

7. Fitila da ƙararrawa

Nan ne dokokin ƙasashen biyu suka rabu. A Jamus fitilar da aka ɗaura wa keke sai ta kasance mai izini, kuma alamar izinin ita ce ɗan layi mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa, sai harafin K da lamba, a jikin fitilar kanta. Ta gaba fara, ta baya ja, kuma ba a yarda su riƙa walƙiya ba. Wanda aka kama yana tafiya cikin duhu babu fitila tararsa yuro 20 ce, rashin ƙararrawa kuma yuro 15. A Ingila an yarda da mai walƙiya, amma wajibi ne a kunna fitilu daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Fitilun da kantunan nan suke sayarwa a Jamus galibi suna da alamar, amma ka duba da idonka, musamman idan daga wata ƙasa aka kawo maka.

Ƙarfin hasken ana rubuta shi da ma'aunin da ake kira lux a Jamus. Mai 30 ta isa cikin gari inda akwai fitilun titi. Mai bin gefen kogi ko hanyar daji ya nemi 50 ko sama. Ka zaɓi mai caji da waya maimakon mai batir, ka duba awa nawa take ɗauka a hasken da ya fi ƙarfi, ka kuma lissafa cewa sanyi yana rage wannan lokaci. Wurin da fitila mai araha take gazawa shi ne maɗaurinta, don haka ka taɓa robar ka ji ko tana da kauri. Bayan ka ɗaura, ka sunkuyar da hasken ya faɗi a ƙasa 'yan mitoci a gabanka, kada ya shiga idon mai tahowa.

8. Famfo, tiyub da kayan gyara

Famfon ƙasa mai agogon auna iska yana cikin abubuwan da suka fi cancantar kuɗinsu. Ka tabbatar bakinsa yana karɓar irin bawul ɗinka. Iskar da taya take so an rubuta ta a gefenta da ma'aunin da ake kira bar, kuma tayar keken gari takan so tsakanin 4 da 5. Da yawa daga facin da mutane suke yi daga tafiya da taya mai laushi yake zuwa. Tiyub ka sayi biyu bisa lambar da ka ɗauka hoto. Ka haɗa da akwatin faci mai sholisho da robobin cire taya, da tarin alanki mai naɗewa, domin a nan babu mai faci a gindin bishiya, kuma ɗan aikin da zai ɗauke ka minti goma a shago sai ka biya kuɗin da ya fi na tiyub ɗin sau biyu ko uku. Ƙarfen rataye keke don gyara, wanda yakan kai wajen yuro 30, yana da amfani ga mai gyara da kansa kuma mai wurin ajiya. Jakar gefe kuma ka dubi ƙugiyoyinta fiye da yadinta, ka tabbatar za su kama ƙarfen kariyarka.

Gargaɗi: manyan akwatunan sifanu masu kaya talatin ko arba'in sukan ja ido, amma ƙarfe mai laushi yana cinye kan noti. Ga ɗaure sirdi da birki sun isa. Aikin da yake buƙatar ƙarfi a bar wa kayan aiki na gaske.

9. Makulli: inda ba a neman araha

Wannan ne abu guda da nake cewa a ware masa kuɗi daban. Makullin waya mai naɗewa, ko a ina aka saye shi, almakashin ƙarfe yana datse shi cikin daƙiƙoƙi. Na taɓa fitowa daga tashar jirgin ƙasa da yamma na tarar da irin wannan waya tana reto a jikin ƙarfe, an yanke ta sumul kamar an yanka rake, keken da nake zuwa aiki da shi kuwa babu shi. Ƙa'idar da masu keke suke bi ita ce a kashe wa makulli kimanin kashi goma cikin ɗari na kuɗin keken. Ka nemi mai siffar kofaton doki ko sarƙa mai kauri, daga kamfanoni irin su Abus ko Kryptonite. A Ingila ka duba alamar Sold Secure, a Holan alamar ART, kuma idan keken yana da inshora ka karanta irin makullin da suka shar'anta. Mai arahar yana da amfani a matsayin na biyu, don ɗaure tayar gaba ko hula. Ko da yaushe ka ɗaure jikin keken ne da abin da ba ya motsi, ba taya kaɗai ba.

10. Gwaji a gida da ajiye rasit

A ranar da ka saya ka gwada komai, kada ka cire takardun da suke rataye sai ka gamsu. Wando mai soso ka gwada shi a kan kamfai a wannan karon, saboda ya yiwu a mayar. Ka hau keken da rigar a jikinka, ka caja fitila ta cika ka bar ta a kunne ka ga iya daɗewarta, ka buga wa taya iska da famfon. Kantunan biyu suna karɓar kayan da aka dawo da su cikin wani wa'adi idan akwai rasit, amma wa'adin ya bambanta daga kanti zuwa kanti da ƙasa zuwa ƙasa, sai ka tambayi mai karɓar kuɗi tun kana biya. Ban da wannan, dokar Jamus ta ba mai saye shekara biyu a kan kayan da suka zo da aibi, kuma da yawa daga kayan aiki da fitilu suna da garantin shekara uku da aka rubuta a kwalinsu. Kayan Lidl suna da wata lamba da take farawa da IAN, ita za a tambaye ka idan ka nemi canji ko wani ɓangare.

Gargaɗi: rubutun rasit yana gogewa cikin 'yan watanni, musamman a cikin walat. Ka ɗauki hotonsa a ranar, ka haɗa da hoton kwalin.

11. Wanki

Kayan nan suna daɗewa ko su lalace ne a wurin wanki. Ka juya su ciki waje, ka ja zif, ka wanke a ma'aunin zafi 30, kada ka zuba ruwan laushin tufafi domin yana toshe ƙofofin da gumi yake fita, kada kuma ka sa su a injin busarwa ko ka shanya a kan hita mai zafi. Wando mai soso ana wanke shi bayan kowace fita, shi ya sa na ce a sayi biyu. Rigar ruwa kuwa a rage wanke ta; idan ka ga ruwa ya daina taruwa ɗigo-ɗigo a kanta ya fara shiga yadin, ka fesa mata maganin hana ruwa da ake sayarwa a kantunan sabulu da magani.

12. Ragowar kaya da tsarabar gida

Bayan mako ɗaya ko biyu, abin da ya rage akan tara shi a kwando guda a ƙarshen layi a rage masa kuɗi. Masu ƙananan lambobi da masu manya sosai su ne suke cin wannan gajiyar, haka ma mai neman kayan da ba su da lamba. A nan ne ya fi dacewa a sayi tsaraba. Wanda zai kai wa ɗan'uwa a Kano, Zinder ko Kumasi ya zaɓi abin da zai yi aiki a can: famfo, fitilu masu caji, tabarau saboda ƙurar hunturu, rigar ruwa saboda damina, da riga mai ƙyalli ga mai tafiyar dare a gefen titi. Tiyub kada a saya sai an aiko da lambar tayar, domin manyan kekunan gida irin na da yawancinsu 635 ne, ba 622 ba. Fitila mai caji ka riƙe ta a jakar hannu idan za ka hau jirgi, saboda batirin da yake cikinta.

Gargaɗi: hular keke ba ta babur ba ce. An gwada ta ne don faɗuwa a gudun keke, ba ta rufe haɓa da fuska, kuma ba za ta kare mai babur ba. Idan wanda za ka kai wa babur yake hawa, ka nemo masa hular da take ɗauke da alamar ECE 22, wadda ake ɗinka takardarta a jikin igiyar haɓa.